Zato a Bakin Ƙofar Kanti: Wariyar Launin Fata a Manyan Kasuwannin Zamani

Tun da Allah Ya hore wa ɗan Adam saye da sayarwa, kasuwa ce wurin da aka fi sa ran mutane su zama daidai wa daida, domin kuwa sulen da ke aljihun attajiri da wanda ke hannun ɗan dako darajarsu ɗaya, kuma mai haja, in dai yana da hankalin ciniki, babu ruwansa da asalin wanda ya zo taya masa kaya muddin zai biya. Amma a ƙasashe da dama, musamman Amurka da Brazil inda miliyoyin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suke zaune, akwai mutanen da shiga kanti yakan zame musu jarrabawa, alhali da kuɗinsu suka zo, na halaliyarsu, ba su ɗauki kome na kowa ba, ba su kuma yi niyyar ɗauka ba, sai dai launin fatarsu ya riga ya shigar da ƙararsu tun kafin su buɗe baki.

Wuraren da ake magana su ne waɗannan manyan gine-ginen da akan tara ɗaruruwan kantuna da wuraren cin abinci da gidajen kallo a ƙarƙashin rufi guda, ga sanyin na'ura, ga matakala mai tafiya da kanta, ga makeken filin ajiye motoci, irin waɗanda mutanenmu suka fara sabawa da su a Kano da Abuja a 'yan shekarun nan. Wanda ya gan su zai ɗauka kasuwa ce ta kowa da kowa, to amma a shari'a mallakar kamfani ce, tana da mai ita, tana da ƙofa, tana kuma da masu gadi waɗanda aka ba su ikon su duba mai shigowa su yanke hukunci a kansa cikin ƙiftawar ido. Daga wannan iko ne illar take fitowa.

Yadda abin yake faruwa

Galibi ba a yin zagi, ba a kuma ɗaga murya. Mutum zai shiga kantin tufafi, sai ya lura ma'aikaciyar da ta tarbi wadda ta riga shi shiga da fara'a ta bi shi da kallo kawai. Ya matsa wajen riguna, sai ga wani ma'aikaci ya zo kusa da shi yana gyara kayan da a gyare suke. Ya juya wajen takalma, sai ga mutumin nan dai ya sake ɓullowa, yana tambayarsa karo na uku ko akwai abin da zai taimaka masa da shi, da muryar da ba ta taimako ba ce. In ya nuna agogo a cikin gilashi, kafin a fito masa da shi sai a faɗa masa kuɗinsa, watau ana nufin ya san matsayinsa. In ya miƙa katin banki, sai a nemi katin shaida wanda ba a nema wajen na gabansa ba. In ya zo fita, mai gadin da ya bar mutum biyar suka wuce sai ya tsare shi ya ce a kawo rasit, a buɗe leda.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in aka ware shi, ana iya samar masa uzuri, kuma wannan ne ya sa abin yake da wuyar kamawa, yake kuma da cin rai, domin wanda aka yi wa ba ya iya rantsuwa a kan abin da ke zuciyar wani, sai dai ya koma gida yana saƙawa yana kwancewa. Amma jiki magayi. Iyaye baƙar fata a Amurka sukan yi wa 'ya'yansu hudubar shiga kanti tun suna ƙanana: kada ka sa hannu a aljihu, kada ka rufe kanka da hular rigar sanyi, kada ka taɓa abin da ba za ka saya ba, ko alewa ka saya ka karɓi rasit, ka ce a sa maka a leda. Cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta riƙa tambayar baƙar fatar Amurka wannan al'amari tun daga 1997, kuma a yawancin shekaru tsakanin mutum ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku sukan ce an yi musu rashin adalci a wurin sayayya cikin kwana talatin da suka wuce, saboda launinsu.

Tushen al'amarin

Ba a fahimtar wannan sai an waiwayi tarihi. Bayan an haramta bauta a Amurka a 1865, jihohin kudancin ƙasar sun kafa dokokin raba farare da baƙaƙe a makarantu da jiragen ƙasa da asibitoci da wuraren cin abinci, kuma manyan kantunan birane, ko da yake ba su ƙi kuɗin baƙar fata ba, sun ƙi mutuncinsa. A kantuna da yawa an yarda ya sayi riga ko malafa, amma ba a yarda ya gwada ta a jikinsa ba, ba a kuma karɓar ta in ya dawo da ita. Sai an sallami dukan farare kana a saurare shi. Uwa kuwa takan ɗora ƙafar ɗanta a kan takarda tun daga gida ta zana ta da fensir, ta tafi da takardar kanti a auna mata takalmi, tun da ba za a bar yaron ya zura ƙafarsa a ciki ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da gwagwarmayar neman 'yanci ta bi ta cikin kanti. Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa suka shiga kantin Woolworth, suka fara sayen 'yan kayayyaki suka riƙe rasit ɗinsu, sa'an nan suka je suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa farare, suka nemi a ba su kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi har aka rufe kantin. Hujjarsu a fili take: ta yaya kuɗin da aka karɓa a wancan teburi zai haramta a wannan? Kashegari suka dawo da wasu, kafin wani lokaci abin ya bazu zuwa garuruwa masu yawa, jama'a suka ƙaurace wa kantunan, ciniki ya faɗi, har a watan Yuli na wannan shekara kantin ya sakko. A 1964 majalisar ƙasar ta yi Dokar Haƙƙin Jama'a wadda ta haramta wariya a masaukai da gidajen abinci da gidajen kallo.

To amma a daidai lokacin da ake rushe wancan bango, ana can ana gina wani. Bayan yaƙin duniya na biyu farare masu hali sun riƙa barin tsakiyar birane suna komawa sababbin unguwannin bayan gari, inda sharuɗɗan sayar da gida da tsarin ba da bashin gidaje suka toshe wa baƙar fata hanya, ciniki kuwa ya bi masu kuɗi. A 1956 aka buɗe Southdale a kusa da birnin Minneapolis, wadda wani magini ɗan asalin Ostiriya mai suna Victor Gruen ya tsara, ita ce ta zama abin koyi ga dubban rufaffun kasuwannin da suka biyo baya. An gina su ne domin mai mota, a unguwar da baƙar fata ba ya iya zama, aka kuma tallata su da cewa wuri ne mai tsabta da aminci, nesa da hayaniyar birni, kowa kuwa ya san waɗanda ake nufi da hayaniyar.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan kamar na wata yarinya mai suna Cynthia Wiggins, 'yar shekara 17, mai jariri a hannu, wadda take zaune a unguwar baƙaƙe a birnin Buffalo na jihar New York, take kuma aiki a wani shagon abinci a cikin kasuwar Walden Galleria da ke bayan gari. Masu kasuwar sun yarda motocin safa masu kawo 'yan sayayya daga Kanada su shiga har bakin ƙofa, amma bas mai lamba 6 da take fitowa daga unguwarsu ba a yarda ta shiga harabar ba, sai dai ta sauke fasinja a tsallaken wani titi mai layi bakwai, wanda ba shi da wurin tsallakawar masu ƙafa. Wata rana a watan Disamba na 1995, dusar ƙanƙara ta cushe gefen hanya, yarinyar ta sauka ta kutsa tsakanin motocin da danja ta tsayar domin kada ta makara, danja ta saki, wata babbar tipa ta taka ta. Ta rasu a asibiti ranar 2 ga Janairu, 1996. Masu kasuwar sun musanta cewa wariya ce ta sa suka hana bas ɗin shiga, amma da jama'a suka tashi aka buɗe mata hanya, kuma a 1999 aka yi sulhu a kan diyyar dala miliyan 2.55 ga ɗan da ta bari. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya kore ta. Tsarin wurin ne kawai aka yi shi yadda irinta za su zo su yi bauta, ba tare da an ga motarsu a bakin ƙofa ba.

Daga tuhuma zuwa ankwa

A wannan shekara ta 1995, a wani kantin kamfanin Eddie Bauer da ke jihar Maryland, wani mai gadi ya tsare wani saurayi ɗan shekara 16 mai suna Alonzo Jackson, ya ce rigar da ke jikinsa ta kantin ce. Yaron ya ce jiya ya saye ta a nan, aka ce ina rasit, ya ce yana gida, sai aka sa shi ya tuɓe ta a gaban jama'a ya tafi ya ɗauko. A 1997 masu taya alƙali shari'a suka yanke a biya shi da abokansa biyu dala miliyan ɗaya saboda tsarewa ba bisa haƙƙi ba da ɓata suna, amma duk da haka ba su yarda an tabbatar da laifin wariya ba, domin doka tana neman a kawo hujja a kan niyya, niyya kuwa a zuci take.

A 2013 wani ɗalibi ɗan shekara 19, Trayon Christian, ya tara kuɗin aikinsa ya je kantin Barneys a New York ya sayi bel na dala 349 da katinsa, ya nuna shaidarsa, ya karɓi rasit. Bai yi nisa ba 'yan sanda suka tare shi suna tambayar inda irinsa ya sami kuɗin sayen wannan, suka sa masa ankwa suka kai shi caji ofis, sai da banki ya tabbatar katin nasa ne aka sake shi. Binciken da babban lauyan jihar ya yi ya kai ga Barneys ya biya dala 525,000 a 2014, kantin Macy's kuma dala 650,000, tare da alkawarin gyara yadda masu gadinsu suke aiki.

Wani lokaci kuwa abin yakan wuce cin mutunci ya kai ga rai. A watan Agusta na 2014 'yan sanda suka harbe John Crawford, ɗan shekara 22, a cikin kantin Walmart a jihar Ohio, yana waya, yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauka daga kan kantar kantin, bayan wani mai sayayya ya kira su ya ce ga wani baƙi yana nuna wa mutane bindiga. A watan Nuwamba na 2018 aka yi harbi a kasuwar Riverchase Galleria a jihar Alabama, ɗan sanda ya harbe Emantic Bradford, ɗan shekara 21, hukuma ta sanar an kashe maharin, daga bisani ta dawo ta ce ba shi ba ne. A dukan biyun ba a gurfanar da ɗan sandan da ya yi harbin gaban kotu da laifin kisa ba.

Brazil da sauran wurare

Brazil ta karɓi bayi daga Afirka fiye da kowace ƙasa a nahiyar Amurka, cikinsu har da Hausawan da aka kai Bahia, ita ce kuma ta ƙarshe a nahiyar da ta haramta bauta, a 1888, kuma fiye da rabin mutanenta a yau baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Ta daɗe tana alfahari da cewa ba ta san wariya ba, sai ga manyan kantuna sun tona asiri. A watan Disamba na 2013 samari da 'yan mata daga unguwannin talakawa na gefen birnin Sao Paulo, akasarinsu baƙaƙe, suka fara haɗa baki ta Facebook suna taruwa dubbai a manyan kasuwannin domin yawo da raha da ganin juna. Masu kantuna suka firgita suka rufe shaguna, waɗansu kasuwannin suka samo umarnin kotu na tace masu shiga, a watan Janairu na 2014 kuma 'yan sanda suka tarwatsa yaran da barkonon tsohuwa da harsashin roba a unguwar Itaquera. Ranar 19 ga Nuwamba, 2020, jajiberin ranar da ƙasar ta keɓe domin tunawa da baƙar fata, masu gadi biyu farare suka danne Joao Alberto Freitas, ɗan shekara 40, a harabar kantin Carrefour a birnin Porto Alegre, suka yi ta dukansa har ya cika, ana ɗaukar hoto. Kamfanin daga baya ya amince ya kashe real miliyan 115 na kuɗin Brazil a ayyukan yaƙi da wariya.

'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya ƙasar Sin su ma sun ɗanɗana. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da masaukai a birnin Guangzhou, an hana waɗansu shiga kantuna, har wani reshen McDonald's ya nuna sanarwar hana baƙar fata shiga, wadda kamfanin ya nemi gafara a kanta. Jakadun Afirka a Beijin suka rubuta takardar koke, Kakakin Majalisar Wakilan Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Sin a Abuja ya nuna masa ɓacin ransa.

Hujjar masu kanti

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Sata a kantuna gaskiya ce, asarar tana da yawa, kuma haƙƙin mai dukiya ne ya tsare dukiyarsa. Sai dai masana harkar sun daɗe da sanin cewa kaso mai tsoka na kayan da ke ɓacewa ma'aikatan kantin ne da kansu suke kwashewa, ko kuma kuskuren lissafi ne. Wani bincike da aka buga a 2004, wanda aka yi da ɓoyayyun kyamarori a wani kanti a birnin Atlanta, bai sami cewa baƙar fata sun fi farare sata ba. Abin da ya fi nuna ɓarawo shi ne take-takensa, kamar waige-waige da leƙen inda kyamara take. Amma in aka zuba ido a kan jinsi ɗaya, lalle a cikinsu za a fi kamu, sa'an nan a ɗauki yawan kamun a ce ga hujja, a ƙara zuba musu ido, alhali ɓarawon da ba a zarga ya fice da kaya ta bayan mai gadi. Haka zato yake ciyar da kansa. Na'ura ma ba ta tsira ba: a watan Disamba na 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta hana kamfanin Rite Aid amfani da na'urar gane fuska har shekara biyar, bayan ta gano na'urar ta riƙa nuna mutanen kirki a matsayin ɓarayi, kuskuren kuma ya fi yawa a unguwannin da ba na farare ba.

Abin da ya yi magani

Abu uku ne tarihi ya nuna suna motsa masu kanti. Na farko shari'a, ko da yake tafiyarta a hankali take, kuma talaka ba kullum yake iya ɗaukar lauya ba. Na biyu aljihu, domin tun shekarun 1930 baƙaƙen Chicago da Harlem suka gane cewa kantin da ba ya ɗaukarsu aiki bai cancanci kuɗinsu ba, kuma ƙauracewa ita ce ta karya taurin kan 'yan kasuwar kudu. Na uku shaida, wadda wayar hannu ta sauƙaƙe ta a zamaninmu: hoton kama waɗansu baƙaƙe biyu da suke zaune suna jiran abokinsu a shagon Starbucks a birnin Philadelphia shi ya sa kamfanin ya rufe shagunansa kimanin 8,000 na rabin yini a watan Mayu na 2018 domin horar da ma'aikata, a 2020 kuma Walmart ya daina kulle man gashin baƙar fata a cikin gilashi alhali na farare yana sake. Horon rabin yini ba ya kankare abin da aka gada shekaru ɗaruruwa, amma ƙa'ida rubutacciya, wadda ta ce ba a tsare kowa sai an ga ya ɗauki kaya da ido, kuma in za a duba rasit a duba na kowa, tana ɗaure hannun mai gadi ko da zuciyarsa ba ta gyaru ba.

Wannan ƙa'ida kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman fiƙihu sun tabbatar tun da daɗewa cewa asalin mutum kuɓutacce ne daga tuhuma, kuma kawo hujja yana wuyan mai da'awa. Suratul Hujurat ta yi hani ga yawan zato da yi wa juna izgili, ta kuma bayyana cewa bambancin ƙabilu domin sanin juna aka yi shi, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Hausawa suka taƙaita suka ce zato zunubi, suka kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Saboda haka bai kamata mu ji labarin Amurka da Brazil mu tsaya ga jajantawa kawai ba, domin manyan kantuna suna ƙaruwa a biranenmu, kuma cutar auna mutum da ido ba ta buƙatar Bature kafin ta kama. Tana iya kama mai gadin da zai buɗe wa mai shadda ƙofa da rusunawa, ya tsare mai silifa da ƙurar hanya a ƙafa, ko ya canza fuska da ya ji harshen wata ƙabila. Wajibi ne ga duk wanda ya gina irin wannan wuri ya sani cewa abin da yaransa suka aikata a bakin ƙofa a wuyansa yake, ya rubuta musu ƙa'ida ɗaya ga kowa, ya hukunta wanda ya saɓa, ya kuma buɗe hanyar da wanda aka ci wa mutunci zai kai kuka a share masa hawaye. Wajibi ne kuma ga sauran masu sayayya, in sun ga ana wulaƙanta bawan Allah ba da haƙƙinsa ba, su tsaya su ba da shaida, domin mai zalunci a bainar jama'a shirun jama'ar yake dogara da shi.